TARKWA BAY: TEKU BA GULBI BA NE

Daga Wakilinmu a Ikko

Duk lokacin hutun Salla ko na Kirsimeti, 'yan'uwanmu mazauna Agege, Idi-Araba da Obalende sukan yi ayari su tafi kallon teku. A da Bar Beach ake zuwa, amma tun da aka soma cike wurin da yashi a 2008 don gina Eko Atlantic, sai jama'a suka juya zuwa wasu wurare. Ɗaya daga cikinsu shi ne Tarkwa Bay, wani ɗan lungun gaɓa da ke bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Ikko. Mota ba ta zuwa can. Sai dai kwalekwale mai inji, daga Marina ko Victoria Island, tafiyar kamar minti 20.

Abin da ke jan mutane shi ne ruwan wurin a kwance yake. Dalili kuwa, wajen 1908 Turawa suka soma jera manyan duwatsu cikin teku don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Waɗannan duwatsu su ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso lungun. To, a nan ne baƙo ke ruɗuwa. Da ka ɗan taka ka zaga bayan duwatsun, ka fito Lighthouse Beach, inda tsohuwar hasumiyar fitila take. Nan kuwa Tekun Atalantika ce tsagwaronta, ba abin da ya tare ta.

Jama'a, wanda ya koyi iyo a gulbin Kaduna ko a kududdufin unguwarsu kada ya ɗauka ya san teku. Gulbi gefe guda yake gudu, kana ganinsa. Ita teku takan cika ta janye sau biyu a kwana guda, kowane kamar awa shida. Dutsen da ka zauna a kai da hantsi, kafin la'asar ruwa yana iya kewaye shi. Bugu da ƙari, ruwan da igiya ta tura gaɓa yakan tattaru ya koma ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfin gaske, musamman kusa da duwatsu. Alamarsa ita ce wuri mai duhu-duhu inda igiya ba ta fashewa, ga kumfa da tarkace suna tafiya ciki. Wurin da ya fi kama da lafiya, shi ne ya fi haɗari.

In ruwan nan ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman dawowa kai tsaye, gajiya ce ke kashe mutum. Ka kwanta bisa ruwa, ka ɗaga hannu a gan ka, ka yi iyo ta gefe har ka fita daga cikinsa. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa don ceto in bai iya ba. Ya jefa abin da ke tasowa, kamar jarka a rufe, ya yi kururuwa, ya buga 112 ko 767.

Tun daga tasha ake soma lura. Kada ka shiga kwalekwalen da aka yi wa lodi fiye da kima, kada kuma ka yarda a tashi ba ka ɗaura rigar ruwa ba, kai da yaranka. Ku shirya da mai kwalekwale ya kwaso ku tun rana na sama, gama tafiyar dare a ruwa hukuma ta hana. Tsakiyar damina teku takan yi fushi, gara a jira rani. Babbar riga da zane in sun jiƙe nauyi suke yi, kada a shiga ruwa da su. A tafi da ruwan sha, don na teku yana alwala amma ba ya shawuwa. Yaro kuwa, kada ya yi nisan da hannunka ba zai kai gare shi ba.

Har wa yau, a tuna wurin yana da masu shi. A watan Janairu na 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna Tarkwa Bay, bisa zargin fasa bututun mai na Atlas Cove da ke kusa. Saboda haka kada a kusanci shingen ma'ajiyar man, kada a ɗauki hoton soja. A gai da masunta, a kauce wa tarunsu, a tambaye su inda ya kamata a shiga ruwa, matambayi ba ya ɓata. Leda da gwangwani da kwalba kuma kowa ya ƙulle nasa ya dawo da su gari, tun da motar shara ba ta zuwa can.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.