Addu'ar Roƙo da Baiko a Matsayin Sujada: Nazari kan Hausawa Kiristoci na Ƙasar Zazzau

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin yadda Hausawa Kiristoci suke ɗaukar yi wa wani addu'a da fitar da baiko a matsayin ibada. An ɗauki Wusasa a matsayin misali, an kuma duba kalmomin da ake amfani da su da saɓanin da ke tattare da su.

1.0 Gabatarwa

Dakta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, kafin a mayar da aikin Wusasa a 1929, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausawa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Masu fassarar sun ɗauki kalmomin da Musulunci ya riga ya kafa a bakin jama'a, irin su addu'a da sujada da zakka, suka ɗora musu ma'anar da ta dace da sabon addinin. Sujada, alal misali, ta tashi daga ɗora goshi a ƙasa, ta koma sunan taron ibada gaba ɗayansa.

2.0 Tushen Al'amarin

Wasiƙar farko zuwa ga Timoti (2:1-2) ta umarci a yi roƙo domin dukan mutane, ta kuma ambaci sarakuna da masu mulki. A wasiƙar Filibiyawa (4:18), Bulus ya siffanta gudummawar da aka aika masa da hadayar da Allah ya karɓa. Wato kyautar ta isa hannun mutum, amma Allah aka nufa da ita. Justin, wanda ya yi rubutu a Rum wajen tsakiyar ƙarni na 2, ya nuna cewa a taron Lahadi ana yin addu'a tare, sannan a tara abin da kowa ya ga dama, a ba shugaban taro domin marayu da gwauraye da fursunoni da baƙi.

3.0 Addu'a domin Wani

Nauyin wannan umarni ya fi bayyana a inda Kirista yake tsiraru. Bahaushen da ya karɓi Kiristanci a Zazzau sarkinsa Musulmi ne, sau da yawa iyayensa da 'yan'uwansa ma haka. Idan ya yi wa mai mulki addu'a ranar Lahadi, wanda ba addininsu ɗaya ba yake roƙa wa alheri. Ga wanda danginsa suka juya masa baya saboda sauya addini, ambaton sunansu cikin addu'a na iya zama zumuncin da ya rage tsakaninsu. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata ne suka fi riƙe wannan aiki, ta hanyar gaida marasa lafiya da zuwa ta'aziyya. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, ya faɗaɗa al'adar zuwa matakin ƙasa da ya kafa Nigeria Prays a 1996.

4.0 Baiko da Zakka

Baiko shi ne abin da mutum ya bayar bisa son ransa. Zakka kuwa, a bakin Kirista, kashi ɗaya ne cikin goma na abin da ya samu, babu nisabi, babu jiran shekara ta zagayo. Ga manomi wannan ba baƙon lissafi ba ne, domin a Musulunci ma dami ɗaya cikin goma ake fitarwa daga hatsin da ruwan sama ya raya. Shi ya sa bikin godiya na kaka ya zauna daram a karkara, inda ake kai dawa da masara da kaji gaban majami'a. Ga ma'aikaci mai albashi ne bambancin ya fito fili, tunda zakkar kuɗi a Musulunci ɗaya ce cikin 40.

Da irin wannan baiko aka ɗauki nauyin ƙungiyar masu bishara ta EMS, wadda aka kafa a 1948 kuma take ƙarƙashin ECWA a yau.

Sai dai akwai saɓani na gaske. Wasu majami'un zamani suna kiran baiko "shuka iri", suna yi wa mai bayarwa alkawarin ribanya. Wannan koyarwa ba ta jitu da labarin gwauruwar nan ta Markus (12:41-44) ba, wadda aka yaba wa saboda ta ba da 'yan kuɗin da ta mallaka, ba tare da an ce an mayar mata da komai ba. Masu kare zakka ta dole sukan kafa hujja da Malakai (3:10), masu adawa kuma da wasiƙa ta biyu zuwa ga Korantiyawa (9:7), wadda ta hana bayarwa bisa tilas. Talakan da ya ci bashi domin ya shuka iri shi ne ke biyan kuɗin wannan gardama.