Ina Capcom zai kai farautarsa?

Yau shirin namu zai leƙa duniyar wasannin bidiyo, inda raɗe-raɗi suka yi yawa kan na'urorin wasa na hannu. Nintendo ya fitar da Switch 2 ranar 5 ga Yuni, 2025, kafar Bloomberg kuma ta ruwaito tun Nuwamban 2024 cewa Sony na aikin wata sabuwar na'urar hannu. Tambayar da ke bakin masu bin harkar ita ce: kamfanin Capcom na birnin Osaka, mai wasan Monster Hunter, wacce zai runguma? Galibin masu hasashe ƙarfin na'ura suke aunawa, girman allo da kaifin hoto. Ni kuwa ina ganin ba nan gizo ke saƙa ba, kuma hujjata ita ce abin da ya faru a 2011.

Monster Hunter wasa ne da mutum huɗu ke haɗuwa su farauci ƙaton dodo. A Jafan, a kan PSP ta Sony ya yi tashe. Abokai huɗu su zagaye teburi ɗaya a gidan shan shayi, kowa da tasa a hannu, na'urorin suna magana da juna ba tare da intanet ba. Kashin da ya fito a Disambar 2010 an sayar da fiye da kwafi miliyan 4. Don haka kowa ya ɗauka magajiyar PSP, wato Vita, ita za ta gaji farautar. Ga allo mai kyau, ga sandunan sarrafawa biyu, ga ƙarfi. A lokacin kuwa 3DS ta Nintendo tana cikin mawuyacin hali. Ta fito a Fabrairun 2011 kan yen 25,000, kasuwa ta ƙi, zuwa Agusta aka karya farashin zuwa yen 15,000, shugaban kamfanin Satoru Iwata har ya zabtare rabin albashinsa. Sai ga shi a Satumba an sanar cewa Monster Hunter biyu, na 3G da na 4, duk 3DS za su je. Ku ji abin mamakin: sandar sarrafawa ɗaya ce tal a jikin 3DS, sai da aka ƙera wani maƙalli mai cin batirin kansa, a cusa na'urar a ciki don a samu sanda ta biyu. Na 3G ya fito ranar 10 ga Disamba, mako guda kafin Vita ta shiga kasuwa. Mako guda, masu sauraro. 3DS ta ƙare da sayar da sama da miliyan 75, Vita kuwa aka daina ƙera ta a 2019.

Me ya sa Capcom ya bar mai ƙarfi ya bi mai rauni? Saboda wasan mutum huɗu yana buƙatar abokanka uku su ma su mallaki na'urar, kuma mai araha ce ke saurin shiga hannaye. Wani zai ce ai ruwa ba ya tsami banza, wataƙila yarjejeniya aka ƙulla da Nintendo. Ko da hakan ne, babu kuɗin yarjejeniyar da zai sa kamfani ya kai kadararsa mafi daraja inda ba ya hango masu saye.

Akwai ƙalubale mafi ƙarfi, cewa zamani ya canza, yanzu Capcom ko'ina yake baza hajarsa. Gaskiya ne, Monster Hunter Wilds ya fito a Fabrairun 2025 kan PlayStation 5 da Xbox da kwamfuta, ya haura miliyan 10 cikin wata guda. Amma a tuna Monster Hunter Rise na 2021: don Switch ta farko aka gina shi, sauran suka jira. Wanda aka auna wa riga, shi take yi wa daidai. Lokaci ya ci mana, don haka a taƙaice, ina sa ran kashi na gaba na hannu zai fara sauka a Switch 2, sai fa idan Sony ya zo da farashin da matasa huɗu za su iya biya a lokaci guda.