KYANWA DA KAYAN ADON BIKI

A cikin shekara akwai lokatan da gidaje da makarantun Birnin Kebbi da Argungu kan sake kama. Da Ƙaramar Salla da Babba akan yi shafe, a fito da shimfiɗu da kwanonin da ke ajiye. Da Maulidi akan ja igiyoyin tutoci daga wannan soro zuwa wancan. A watan Disamba kuwa abokan aikinmu Kirista, mutanen ƙasar Zuru da na Kudu da ke zaune tare da mu, sukan kafa itacen Kirsimeti a falo, su rataya masa fitilu. Makarantu su ma suna da nasu, don da wuya a yi ranar ba da kyaututtuka ba a cika zauren taro da balan-balan da zaren ƙyalƙyali ba. Duk wannan abu ne mai kyau, ba mu da ta cewa a kansa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata 'yar gida da ba a shawara da ita in za a yi ado, ga shi kuwa ita ke fara shan wahalarsa, watau kyanwa, wadda a nan yamma aka fi kira mussa.

Wani zai ce, ashe mutanen da ke horar da malamai sun rasa abin rubutu sai kyanwa? To, a yi haƙuri a ji dalili. Kyanwa ma'aikaciya ce, albashi ne kawai ba ta karɓa. Sa'ad da aka yanke shinkafar damina a fadamun Rima aka cika rumbuna da ɗakunan ajiya, sa'an nan ne ɓera ke barin daji ya biyo abinci cikin gari. Duk akawun da ya taɓa buɗe kabad ya tarar an cinye masa gefen fayil, da duk malamin da ya iske rajistar ajinsa ta zama gari, sun san amfaninta. Akwai ma abin da ya fi takarda. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa cikin Jihar Borno ta yanzu, wani irin ɓera ne mai nonuwa da yawa ke yaɗa shi, ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci. Ciwon ya fi tashi da rani, daga wajen Disamba zuwa Maris, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta ajiye kyanwa cikin hanyoyin tsare gida daga ɓera. Ashe gidan da ya rasa kyanwarsa a makon Kirsimeti ya rasa mai gadi ne daidai lokacin da ɓarawo ya fi yawa.

Babban abokin gābar kyanwa cikin kayan ado ba wuta ba ce, ba guba ba ce, zare ne. A nan za mu daɗe, domin shi ne mutane suka fi rainawa.

Wanda kyanwa ta taɓa lasar hannunsa ya ji harshenta da kaushi kamar magagari. Ƙananan ƙayoyi ne a jere, dukansu sun kwanta suna fuskantar maƙogwaro, da su take taje gashinta, da su take kankare nama daga ƙashi. Amma in zare ya hau kansu ba ta iya tofar da shi. Duk motsin da ta yi don ta fid da shi, ciki yake ƙara shigewa. Sau da yawa bakin zaren guda yakan naɗe a gindin harshe, ko ya maƙale a mafitar tumbi, sauran kuwa ya wuce cikin hanji. Hanji ba ya sanin an riƙe zaren daga sama, sai ya yi ta ƙoƙarin tura shi gaba, har ya tattare a jikinsa kamar yadda ƙubakar wando ke tattarewa in an ja mazagi. Daga nan zaren ya ɗaure tamau, ya shiga yankan hanjin kamar yadda mata ke yanka sabulu da zare. In ya huda, ƙazanta ta zuba cikin ciki, da wuya dabbar ta tashi.

Alamunsa su ne amai a kai a kai, da ƙin abinci, da kwanciya a lungu, da kuka in an taɓa cikinta. Wani lokaci akan ga bakin zaren yana leƙowa ta baki ko ta bayanta. Muna roƙon masu karatu su riƙe wannan ko da sun manta da sauran: kada a ja shi. Jan nan shi ke ƙarasa yankan. Magani ɗaya ne, a kai ta wurin likitan dabbobi, sau da yawa ma sai an yi mata aiki.

Wane zare muke nufi? Na farko shi ne siririn zaren nan mai walƙiya da ake yafa wa itacen Kirsimeti da bangon aji, sai igiyar balan-balan, da kirtanin da ake ɗaure kyauta da shi. Amma kada Musulmi ya karanta ya ce wannan ba tasa ba ce. Ana saura mako Salla, wane gida ne babu zare da allura a kan tabarma? Tela na hanzarin gama ɗinki, mai hula na ƙarasa aikinsa, mata na kitso da zaren ulu. Kyanwa ba allurar take so ba, zaren take bi, allura ta biyo baya. Kuma ba ta da laifi, don abin da ke siriri yana motsi, a idonta wutsiyar ɓera ce ko ta ƙadangare. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mutanen Argungu suna da nasu zaren na daban. Bikin kamun kifi ya samo asali a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, kuma a 2016 Hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. A Matan Fada da homa da gora ake shiga ruwa, babu ƙugiya. Amma a gidajen masunta akwai fatsa, akwai mamari mai ƙugiyoyi rututu, duk da ƙarnin kifi a jikinsu, kuma in gida ya cika da baƙi ba mai tuna inda aka jingine su. Igiyar roba ta fatsa ba ta narkewa a ciki, ƙugiya kuwa an ƙera ta ne don kada ta fita. A naɗe su a rataye cikin ɗakin da ke rufe tun kafin baƙi su iso.

Yanzu sai itacen kansa. Al'adar ta taso daga ƙasar Jamus tun ƙarni na 16, ta bazu a Ingila bayan wata jaridar Landan ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat tsaye gaban nasu a 1848. Fitilun lantarki kuwa wani abokin aikin Edison, Edward Johnson, ya fara sa wa itacensa a New York a 1882. Can Turai da yawa sukan saro ɗanyen itace su tsoma gindinsa cikin ruwa. Namu na nan galibi na roba ne daga kanti, ba shi da nauyi, ƙafafunsa sirara. Kyanwa dabbar hawa ce, in ta ga itace ya tsiro tsakar ɗaki dole ta gwada shi, in ta kai rabi kuwa sai ya kife da ita, ƙwallayen gilas su tarwatse inda yara ke yawo ba takalmi.

Gyaran ba shi da wuya. A danne gindin da bulo ko buhun yashi, a ɗaure saman da waya mai kauri a jikin ƙusa a bango. A nisanta shi da kujera da kabad, don daga nan take yin tsalle. A kafa shi kwana 2 ko 3 ba ado, har ta shinshina ta gaji ta rabu da shi. Rassan ƙasa a bar su haka nan, abin da ke fashewa a kai shi can sama. Zaren ƙyalƙyali kuwa, a ganinmu, gidan da ke da kyanwa ya haƙura da shi ɗungum. Ba mu san wata dabara da ke sa shi ya zama lafiya ba.

Wayar fitilu ita ma zare ce a wurin kyanwa, musamman ƙarama mai son tauna. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, wadda ke ƙone baki da harshe, har takan sa ruwa ya taru a huhu bayan sa'o'i, dabbar da aka ga ta tashi lafiya ta soma haki da dare. Hatsarin ya fi yawa a wurinmu saboda halin wutarmu, mai tafiya ba sallama ta dawo ba sallama. Mai gida ya ga an ɗauke, ya kwanta bai kashe makunni ba, can tsakar dare a kawo, ba kowa a falo sai kyanwa. A zare wayar daga bango kafin a kwanta ko a fita. Haka kyandir da kaskon turaren wuta: wutsiya guda ta isa ta tura su jikin labule, kuma kowa ya san yadda zana da katako ke kamawa cikin hunturu.

Furanni ba za su ɗauke mu lokaci ba. Jan furen nan na Kirsimeti da ya fito daga ƙasar Meziko ɗan'uwan aguwa ne, ƙaronsa kan sa dalala da amai, amma sunansa ya fi aikinsa muni. Wanda ke kisa shi ne furen lili da akan kawo cikin dami daga manyan birane, don ko ɗan ganyensa ko garin furensa yana lalata ƙodar kyanwa. Kariya da muke dasawa a tukunya don kyaun furenta ita ma dafi ce mai taɓa zuciya. Ba banza ba maharban dā suka yi dafin kibiya da ita.

Abinci ya fi wuyar tsarewa, domin alheri ne ke kawo cutar. Ranar biki kowa na son ya jefa wa kyanwa wani abu. Albasa, wadda Allah Ya hore wa ƙasar Aliero, da tafarnuwa, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ɗanye ne ko dafaffe ko gari. Cutar ba ta nunawa ran nan, sai bayan 'yan kwanaki a ga dasashinta ya yi fari, ta rasa ƙarfi, fitsarinta ya yi duhu, ba kuwa wanda zai tuna da romon Salla. Saboda haka naman da aka soya da albasa, da wanda aka barbaɗa wa yaji, ba nata ba ne. A yanka mata ɗan tsoka a dafa da ruwa zalla. A kau da tsinken tsire, da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa, da igiyar da aka shanya naman layya a kai, wadda ta sha maiƙo har kyanwa ba ta bambanta ta da nama. Cakulan da ke cikin kyautar yara shi ma guba ne gare ta.

Har wa yau akwai sharar gida da akan yi kafin biki. Akan fesa fiya-fiya a lunguna, a zuba maganin ɓera bayan buhuna. Kyanwa ta taka, ta lashe ƙafa, ko ta ci ɓeran da ya ci guba. Maganin ƙuma na kare mai sinadarin fametirin, in an shafa mata, yana sa ta karkarwa da farfaɗiya. Mafi ban tausayi shi ne mai gidan da ya ga kyanwarsa ba lafiya ya ba ta Panadol don jinƙai. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya guda ta babban mutum tana iya kashe ta.

Ran hawan Salla ana harba bindigogi, a ƙarshen shekara yara na jefa abin fashewa, ga kunnen kyanwa yana jin ƙara mai siranta wajen ninki 3 bisa iyakar abin da namu ke ji. In ta firgita takan fita da gudu ta faɗa titi, ko ta shige ƙarƙashin motar baƙo ta hau kan inji don ɗumi. Wanda zai tayar da mota da safen hunturu ya bubbuga murfin injin tukuna. Abin da ya fi shi ne a keɓe mata ɗaki guda ranar taro, da ruwa da abinci da faranti cike da yashi. Mun san wasu za su tuna da hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwa, su ji tsoron kulle ta. Laifin waccan mata shi ne ta tsare dabbar, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Yini guda a ɗaki da ci da sha, don a tsare ranta, wani abu ne daban.

Ga malamai kuma, wannan darasi ne da ba ya bukatar kayan aiki. A kawo mazagi da tsohon wando aji, a ja a gaban yara, a ce musu ga abin da zare ke yi wa hanji. Ba za su manta ba, kuma su ne ke wasa da kyanwa a gida, ba iyayensu ba. In za a yi wa aji ado, a sa su yanka takarda mai faɗi su manna sarƙa da ƙullun rogo, ya fi araha, ya kuma koya musu aikin hannu. In an tashi daga taro a share zauren a ranar, kada a bar fasassun balan-balan da igiyoyinsu su kwana.

Ofisoshin gwamnati kan rufe ranakun hutu, cuta kuwa ba ta hutu. Mai kyanwa ya nemi lambar wayar ma'aikacin asibitin dabbobi na garinsu tun kafin biki. In abin ya kai ga fiɗa, akwai asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. A sa ta cikin kwali mai huji ko kwando mai murfi, a tafi da ragowar abin da ake zaton ta haɗiya ko kwalbar maganin, kada kuma a ɗura mata manja ko madara ko ruwan gishiri a hanya.