Tafiya da Ƙananan Dabbobi a Mota

Idan aka ce wa mutumin Dakoro akwai masu sayen ɓera da kuɗinsu, su raɗa masa suna, su sa shi a mota su tafi ziyara, dariya zai yi. A wurinsa ɓera ɓarawon rumbu ne. Amma a Ingila tun ƙarni na 19 ake kiwon wani jinsin ɓera don sha'awa, har masu kiwon suka kafa ƙungiya a 1976. A ƙasar Hausa abin da ya fi kusa da wannan shi ne zomo da ɓeran Masar da yara ke ajiyewa a bayan ɗaki, sai tattabaru da zabi. Su ma ba sa rabuwa da hanya, musamman ranar kasuwa, kuma abin da ke kashe ɓeran Bature a mota shi ke kashe su, wato zafi.

Mutum yana gumi, iska ta buga shi ya ji sanyi. Waɗannan dabbobi ba su da wannan gatan. Ɓera ta wutsiya yake fitar da zafin jiki, zomo ta kunnuwansa, kaza da zabo kuwa sai su buɗe baki suna haki. Ɓeran Masar ma asalinsa duwatsun Andes ne masu sanyi, a Kudancin Amurka. Zomo yakan fara galabaita da zarar zafi ya wuce digiri 30, alhali a Dakoro cikin watannin Afrilu da Mayu haura 40 ba labari ba ne. Motar da aka tsayar a rana aka rufe gilasanta, cikinta kan ƙara kusan digiri 10 a minti goma kacal. Ke nan tsayawar sallah ko cin abinci a tasha ta fi gudun motar haɗari ga dabbar.

Tsakanin Dakoro da Maraɗi akwai fiye da kilomita 100. Mai hikima yakan bi motar asuba, ya isa kafin rana ta take. Kada ya yarda yaron mota ya cusa masa kejin a but tare da buhunan gero: babu iska, ga zafin ƙarfe, ga hayaƙin mota da ke kisa ba tare da dabbar ta yi ko kuka ba. Saman mota ma bai fi ba. Wurin da ya dace shi ne ƙasa, tsakanin ƙafafun mai shi, inda rana ba ta dukansa kuma ba zai kife ba idan direba ya taka birki.

Kwali ba mazubi ba ne ga mai haƙoran gaba da ba sa daina tsiro. Kafin a yi nisa ya huda shi, fitsari kuma ya jiƙa gindin. Keji na waya ko akurki mai ƙarfi ya fi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a yafa jiƙaƙƙen tsumma a gefe ɗaya kawai don iska ta ratsa. Kwanon ruwa zubewa yake yi a gargada, saboda haka yankan kankana ko kokwamba ya fi amfani. Ba a hana su abinci kafin tafiya. Zomo da ɓera ba sa amai, kuma zomon da ya daɗe bai ci ba hanjinsa kan tsaya. Ɗaga zomo ta kunne, kamar yadda ake yi a kasuwanninmu, mugun sabo ne. A tallafo ƙirjinsa da ƙugunsa.

Wannan yanki ya taɓa ganin jigilar da ta fi ta zomo wuya nesa ba kusa ba. A 2018 an ɗauko raƙuman dawa 8 daga Kure, kusa da Yamai, a babbar mota, aka yi tafiyar kusan kilomita 800 da su zuwa gandun Gadabeji da ke arewa da Dakoro, kuma duk suka isa da rai.

Ɓeran da aka kama a gida ko gafiyar daji kuwa ba abokan tafiya ba ne. Wani ɓera na yankinmu shi ke yaɗa zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lasa na jihar Borno ta yanzu. A 2003 kuma ɓeraye da gafiyoyin da aka kai Amurka daga Gana suka shigar da ƙyandar biri, mutane da dama suka kamu. Ko dabbar da aka saya a kasuwa, idan an iso gida a ware ta na mako biyu kafin a haɗa ta da sauran, in ta ƙi ci ko numfashinta ya sauya a nemi likitan dabbobi.