HP a Jikin Tsohuwar Kilarinet Ba Lambar Yabo Ba Ce

Akwai wani saƙo da yake ta yawo a WhatsApp tsakanin malaman kiɗa na makarantu da masu sayo kayan busa na gwanjo, wai yana koyar da yadda ake karanta lambobi da haruffan da ke jikin tsohuwar kilarinet. Wanda ya rubuta shi ya tsinto gaskiya ɗaya, ya lulluɓe ta da shaci-faɗi, kuma ko ɗigon shakka babu a bakinsa.

Gaskiyar ita ce batun gaɓoɓi. Kamfanoni da dama kan buga lamba ɗaya a gaɓar sama da ta ƙasa, don haka in lambobin sun saɓa, akwai alamar an haɗa gaɓoɓin kilarinet biyu ne. A duba wannan kafin a biya kuɗi.

Cewar da ya yi duk lambar da harafi ya gabace ta jabu ce, ba haka ba ne. Kamfanin Selmer na Paris ya yi shekaru yana jera lambobinsa da haruffa irin su K, L, M, N da P. Tauraron da ke jikin wasu Selmer Series 9 kuwa sunan samfuri ne, babu ruwansa da soja kamar yadda saƙon ya ce. Ƙanƙantar lamba ma ba ta sa tsada, tunda kowane kamfani da irin ƙirgensa.

Inda saƙon yake cutar da mutane shi ne kan haruffan HP. Ya ce wai suna nuna kayan ƙwararru ne, a yi maza a saya ko nawa ne. HP da LP ba su taɓa zama ma'aunin inganci ba, suna nuna tsayin sautin da aka ƙera kilarinet a kansa ne. Kafin a tsayar da ma'auni ɗaya, ma'aunai biyu ne suke aiki a Ingila da Amurka. Na sama, wato HP, yana sa sautin A a wajen 452, na ƙasa kuma, wato LP, a wajen 440, wanda wani taro a Landan ya amince da shi a 1939. A wancan lokacin kamfanoni irin su Conn na Amurka suna ƙera duka biyun, shi ya sa suke buga H ko L don kada mai saye ya ruɗe.

Tazarar 452 da 440 ta kusa rabin tazarar da ke tsakanin maɓallai biyu maƙwabta a fiyano. Kunne ba ya yafe wannan. Yaro zai tsaya cikin 'yan badujala ya busa daidai yadda aka koya masa, amma sautinsa ya fita daban, a yi ta yi masa faɗa kan laifin da ba nasa ba. Saƙon ya ce a ɗan zaro guntuwar gaɓar da ke ƙarƙashin baki, komai zai daidaita. Zarowar za ta gyara sauti ɗaya ko biyu ta ɓata saura, domin ramukan yatsu an huda su ne bisa tsawon gajeren bututu, kuma babu mai gyaran da zai matsar da su a kuɗin da ya dace.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda ba. Irin waɗannan kilarinet sau da yawa kyawawa ne, baƙin icen nan na Tanzaniya da Mozambik yana sheƙi, ga araha, ga makaranta mai ƙaramin kasafi. Laifin yana wuyan wanda ya ƙirƙiro wa haruffa biyu fassara ya watsa ba tare da ya tambayi ko mai gyara ɗaya ba.

Rashin ganin HP kuma ba tabbaci ba ne, don akwai tsofaffi masu sautin sama da ba a buga musu komai ba. A sa sabon bakin busa mai kyau, a buɗe manhajar auna sauti a waya, a busa daga sautukan ƙasa zuwa na sama. In duka sun haura da kusan tazara iri ɗaya, ta mai tara kayan tarihi ce ko mai busa shi kaɗai, kada a saya wa makaranta.