Ƙarar ƙwanƙwasa idan an taka totur: abin da direban akori-kura ya kamata ya saurara

A yankin Bobi da ke ƙaramar hukumar Mariga, cikin masarautar Kontagora a jihar Neja, akori-kura ce ke fitar da masara da dawa da wake daga ƙauyuka zuwa kasuwa, ita ce kuma ke kai mara lafiya asibiti. Galibinsu tsofaffin Toyota Hilux ne, sai ragowar Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. Ƙorafin da direbobinsu suka fi kai wa bakanike shi ne mota tana ƙwanƙwasa da zarar an taka totur, musamman a hawa da lodi.

Abin da ke tsorata mai mota shi ne kada a ce inji ya buga. Amma matsaloli daban-daban ne ke haifar da wannan ƙara, wasu gyaransu bai wuce kuɗin fulogi ba, wasu kuwa sai an sauke inji. Kunne ne ke fara bambance su, kafin a ɗauki sifana.

Wadda aka fi ji siririya ce, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Tana zuwa ne lokacin da mota ke jan nauyi a babbar giya, ta ɓace idan aka ɗaga ƙafa ko aka sauko ƙaramar giya. A ƙa'ida, fulogi ne ke kunna cakuɗen fetur da iska, wutar ta bazu a hankali tana tura fistin ƙasa. Idan zafi da matsi suka yi yawa, sauran cakuɗen sai ya fashe da kansa kafin wutar ta iso gare shi, fashewar ta daki kan fistin. Wannan dukan ne ake ji.

Fetur ne abin zargi na farko. Tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, mai ya yi tsada, kuma direban da ke nesa da gidan mai yakan dogara da 'yan bumburutu, inda ba ya da tabbacin abin da ke cikin jarka. Fetur da aka gauraya da kananzir ko wani mai mara inganci ba ya jure matsi. Gwajin ba wuya: a bari tankin ya yi ƙasa, a cika shi a gidan man da aka yarda da shi, a sake bin hawan da aka ji ƙarar. In ta tafi, an huta.

In ta ci gaba, sai a duba taimin. A tsofaffin motoci masu kafireto, bakanike kan murza distirbuta gaba don mota ta ƙara kuzari, yana auna ta da kunne tana tsaye babu kaya. A gareji za ta yi daɗin ji, amma da ta ɗauki buhu ashirin sai ta fara kuka. Bayan taimin akwai lagireto da ya toshe da laka ko ƙaiƙayi, da fulogin da ba na injin ba ne, da baƙin tokar da ke taruwa a kan fistin. Sababbin Hilux suna da na'urar da ke jin ƙarar ta ja da taimin baya da kanta, idan ta mutu kwamfutar gwaji ce ke nunawa. Ba a raina wannan siririyar ƙara, domin in aka daɗe da ita tana karya ringi, har ta huda fistin.

Ta biyu ita ce mai haɗari: ƙara mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana buga guduma, tana sauri gwargwadon yadda aka ba da wuta. Ana jin ta ko mota na tsaye ba a cikin giya ba. Wannan alama ce ta cinyewar metal da ke tsakanin sandar fistin da karanshaf, yawanci saboda ƙarancin baƙin mai, ko daɗewa ba a juye ba, ko ƙurar rani da ta bi ta yagaggiyar matatar iska. Idan fitilar baƙin mai na ƙiftawa, ko aka ga ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli a man da aka juye, magana ta ƙare. Bakanike kan cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, inda ƙarar ta lafa nan ciwon yake. A nan shawara ɗaya ce, a kashe mota a jawo ta. Zuba baƙin mai mai kauri don a lallaɓa a kai Kontagora yana rufe ƙarar ne kawai, kuma tafiyar kan ƙare da sandar fistin ta fasa jikin inji, a hanyoyin da matsalar tsaro ta sa ba mai son dare ya riske shi.

Masu amfani da gas su lura cewa injinsu dama yana da nasa kakat-kakat. Sai ya ƙaru tare da hayaƙi ake tuhumar nozul ko famfo.

Akwai kuma wadda ba ta inji ba ce kwata-kwata, ita ce kuwa ta fi sa a kashe kuɗi a banza. Bugu ɗaya ne, “gwaf”, daidai lokacin da aka taka totur ko aka saki kuloci. Gargada da ramukan damina suna cinye kuros ɗin farfela, suna yaga robar kujerar inji, suna kwance salansa ta riƙa dukan shasi. A tsayar da mota a fili, a kashe ta, a sa waigi a tayoyi, a shiga ƙasa a murɗa farfela da hannu. Idan tana wasa, ko aka ga jan garin tsatsa a gefen kuros, a canza shi kafin a sake yin lodi, domin farfela tana iya faɗowa ana cikin gudu.