Horon Ma'aikata da Zaman Wurin Aiki a Asibitocin Gwamnatin Nijeriya

Abu biyu ke tsai da aikin asibiti: sanin da ma'aikaci ke da shi, da irin zaman da ya tarar a wurin aikinsa. Na farko shi ne horo, watau ƙara wa likita ko nas ko ungozoma ilmi bayan an ɗauke su aiki. Na biyu kuwa ya haɗa da biyan albashi a kan kari, da kayan aiki, da ƙarin girma bisa cancanta, da ganin mutuncin juna tsakanin babba da ƙarami.

Wajen horo an daɗe da sa hannu. A 1932 aka buɗe Makarantar Tsabta ta Kano domin koyar da duba-gari, a 1967 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta soma koyar da aikin likita a Zariya. A 2018 aka sa hannu a kan dokar da ta tsara horon likitoci masu neman ƙwarewa da yadda za a biya kuɗinsa.

Amma wajen zama, nan gizo ke saƙa. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta yi ma'aunin albashi iri biyu, ɗaya na likitoci, ɗaya na sauran ma'aikatan lafiya. Da aka gyara na likitoci a 2014, sai sauran suka ce lalle a gyara nasu. Wannan na cikin dalilan da suka sa nas-nas da masu haɗa magani da ma'aikatan ɗakin gwaji suka yi yajin aiki na wajen mako 6 a 2018. A 2021 su ma likitoci masu neman ƙwarewa suka ajiye aiki wata 2 saboda bashin albashi da kuɗin horo. Duk sa'ad da aka yi haka, talaka ne ke kwana a ciki, domin ba shi da halin zuwa asibitin kuɗi.

To, horo yana ƙara wa ma'aikaci daraja a ko'ina, ba a gida kaɗai ba. Kadan ya ƙware, sa'an nan ya ga zaman bai yi masa ba, sai ya nufi Ingila ko Saudiyya, ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saboda haka hukumar da ta kashe dukiya wajen horo, ta bar zaman ma'aikata a lalace, tufka da warwara take yi.